Minti Goma a Tsaye

Matakala ɗari da sittin da biyu
daga bakin titi zuwa ƙofar gidanmu.
A Valparaíso kowa ɗan tudu ne.
Ina 'yar bakwai a guje nake haye su,
burodi mai zafi a hammata.
Bana a ta goma sha ɗaya nake zama,
in yi kamar teku nake kallo.

Hawan ma da sauƙi.
Tsayuwa ce ke ci na, tsayuwa cik:
layin biyan kuɗin wuta,
gaban allo da alli a hannu,
yara talatin na jira in ƙarasa jimla,
kalmar ta shige hazo ta bar ni baki buɗe.
Ƙirji na dukan uku-uku ba wanda ya biyo ni,
kunne na shuuu,
duhu na tahowa ta gefen ido
kamar baƙon da ba ya sallama.

Wankan ruwan zafi a zaune nake gama shi.
In duba ƙasa, ƙafafuna sun rine,
launin jar albasa.

Likita na farko ya ce jinina lafiya lau.
Na biyu ya ɗauki hoton zuciya, ya yaba mata.
Na uku ya cire tabarau:
"Akwai damuwa a gida ne?"
Ya rubuta min maganin barci.
Mahaifiyata ta ce rashin cin abinci ne.
Efraín bai ce komai ba,
ya dai koyi tsayawa daf da bayana.

Shekara biyu da rabi.
Duk a zaune ko a kwance suka auna ni,
a kwance kuwa ni garau ce.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
su kuwa da rani suke zuwa duba rufi.

Sai wata Talata, a wani ɗaki mai sanyi,
Nelda ta ɗaure ni a kan gado da maɗauri uku,
ta ce, "Kada ki yi jarumta. Abin da kika ji, faɗi."
Kwance: saba'in da huɗu.
Gadon ya fara miƙewa da ni
har na fuskanci agogon bango.
Minti biyu, ɗari da ɗaya.
Minti biyar, tafin hannu ya jiƙe, zuciya na tashi.
Minti takwas, ɗari da ashirin da shida,
awon jini kuwa yana nan inda yake, bai faɗi ba.
Na ce, "Ga shi nan ya zo."
Dakta Ilabaca ta ce, "Na gan shi."

Na gan shi.
Ban san kalmomi uku na da nauyi haka ba.

Ta zana min a bayan takarda:
in na miƙe, jini ya gangara ciki da ƙafafu,
jijiyoyi su yi nawar matse shi ya dawo,
zuciya ta kama gudu don ta cike giɓi.
Ƙarin bugu talatin cikin minti goma, wata da watanni,
shi suke nema.
Nawa hamsin da biyu.
Ta rubuta haruffa huɗu, POTS, ta ja layi a ƙasa.

A cikin bas na yi kuka, ba na baƙin ciki ba.

Yanzu gorar ruwa ba ta barin jakata,
da ƙullin gishiri, da safa mai matse ƙwauri.
Akwai kujera doguwa a gaban allo,
Yerko ke jawo min ita kowace safiya.
Ban warke ba. Na dai san sunan abokin tafiya.

Jiya a ta goma sha ɗaya
tsohuwa Herminia ta leƙo ta taga:
"Malama, tekun ne kuma?"
Na ce, "A'a, jinina nake jira ya hauro."